TAFIYA ƘASAR GUDDIRI: ABINCIN DA KE TSIROWA A GINDIN SURI

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Abin da ya ɗaga ni daga Kano cikin watan Agusta, sa'ad da marka ta kankama, shi ne in je Azare in gai da wani tsohon abokina da muka yi makaranta tare, sa'an nan in zarce tsohon birnin Katagum in ga wurin nan da muka sha karanta labarinsa a littattafan tarihi. Duk na yi waɗannan. Amma da na komo gida sai na tarar labarin da ya fi cika mini ciki na wani ɗan tsiro ne wanda yawancinmu muke takewa da ƙafa mu wuce, watau abin da waɗansu ke kira naman kaza, waɗansu su ce naman ƙasa, yara kuma su ce laimar kwaɗi. Shi ne nake so in ba masu karatu labarinsa, da amfaninsa, da kuma haɗarin da ke tattare da shi.

HANYAR AZARE

Mun tashi daga tasha da sassafe, muka haye gadar Wudil, muka miƙa gabas bisa hanyar Maiduguri. Duk inda mutum ya duba sai kore shar. Gero ya fitar da kai, dawa ta kai kafaɗa, gyaɗa da riɗi sun rufe ƙasa, sai gawo kaɗai ke tsaye tsirara a tsakiyar gonaki, domin shi al'adarsa ce ya zubar da ganye da damina ya yi sabo da rani. Da muka iso gadar Jama'are sai direba ya sassauta, muka leƙa muka ga kogi ya cika ya batse, ruwan nan ja wur, yana tafe da itatuwa da ciyayi. Wannan kogi daga wajen tsaunukan Jos ya taso, yana gangarawa arewa maso gabas har ya haɗu da kogin Haɗeja, su zama kogin Yobe wanda ke neman Tafkin Cadi. Shi ne jijiyar ƙasar Katagum, shi ke ba ta fadama da kifi, shi ne kuma wani lokaci yakan cinye mata gonaki da gidaje.

Kafin azahar muka shiga Azare. Wanda ya daɗe bai zo garin nan ba zai sha mamaki. Gari ya buɗe ta kowace kusurwa, ga babura da Keke Napep kamar ƙudan zuma, ga kasuwa cike da hatsi da dabbobi, ga manyan motoci masu zuwa Potiskum da Misau da Kano. A tsakiyar gari ga fadar Mai Martaba Sarkin Katagum da babban masallacin Juma'a. Tun cikin shekarar 1916 aka taso da gadon sarauta daga tsohon birnin Katagum aka kawo shi nan, tun daga sa'an nan kuwa Azare ta zama uwar ƙasar Guddiri. Yanzu gari ne na ilmi, akwai Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh, akwai Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya wadda aka kafa cikin shekarar 2021, ga kuma babban asibitin Gwamnatin Tarayya wanda mutane ke zuwa daga jihohin maƙwabta. Saboda haka za ka tarar da ma'aikata da ɗalibai daga kowane sashe na Nijeriya, kowa da harshensa, kowa da irin cimarsa.

BAƘUWA A GINDIN SURI

Daren da na sauka aka kwana ana ruwa da tsawa. Gari na wayewa abokina ya ce in raka shi ya duba gonarsa a bayan gari. Muna tafe cikin raɓa sai muka hangi wata mace a tsugune a gindin wani tsohon suri, da kwando a gefenta, tana tonon ƙasa da ɗan tsinken icce a hankali kamar mai tonon gyaɗa. Waɗansu yara masu zuwa yankan ciyawa sun tsaya nesa kaɗan suna ta dariya, suna cewa, "Ku zo ku ga mai cin laimar kwaɗi!"

Na matsa na yi sallama na ce, "Sannu da aiki, baiwar Allah. Me ake samu a nan?"

Ta ɗago ta amsa da Hausarta mai kyau, ta ce, "Yauwa Malam, sannunku. Miya nake samu." Ta karkato mini kwandon. Na ga ya kusa cika da naman kaza, kowanne da faɗin tafin hannu, samansa ruwan toka, tsakiyarsa da ɗan tsini, ƙarƙashinsa fari sol. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kowanne yana da wata doguwar wutsiya siririya wadda ta nutse cikin ƙasa, waɗansu tsawonsu ya fi kamu ɗaya.

Ta gaya mana ita mutuniyar Binuwai ce, mai gidanta ma'aikaci ne a nan Azare. Ta ce a garinsu ranar da wannan abu ya fito, tun da duhu mata da yara ke rige-rigen zuwa daji, wanda ya makara sai ya saya da tsada a kasuwa. "Amma a nan," in ji ta, "ni kaɗai nake kwasa, rabi ma ruɓewa yake yi, ba mai so."

Na ce, "Ba kya jin tsoron guba?"

Ta ce, "Ina ji mana, Malam. Shi ya sa iri uku kaɗai nake taɓawa, waɗanda kakata ta nuna mini da hannunta tun ina yarinya. Wanda ban sani ba, ko ya kai faifai girma, ba na ko duban sa."

Da yamma sai ga yaronta da kwano, ta aiko mana da miyar agushi wadda ta sa shi a ciki. Abokina ya ce shi dai a kai kasuwa, ko cokali ba zai sa ba. Ni na yi bisimilla na ci da tuwon shinkafa. Gaskiya wanda ya raɗa masa suna naman kaza bai yi ƙarya ba, gama da ba a gaya mini ba sai in rantse ƙirjin budurwar kaza nake tauna, ga shi ya ba miyar wani garɗi kamar an zuba daddawa mai kyau. Abokina ya zauna yana ta kallona har bayan lisha, yana jira ya ga ko za a kai ni asibiti. Na kwana lafiya lau.

GONAR GARA

Washegari abokina ya haɗa ni da wani malami mai koyar da ilmin halittu a ɗaya daga makarantun garin, na kwashe labari na gaya masa. Ya yi murmushi ya ce abin da na ci amfanin gona ne, sai dai manomansa ba mutane ba ne, gara ce.

Ga yadda abin yake. Irin garar nan mai gina manyan surori ba ta iya narkar da busasshen icce da ciyawa ita kaɗai. Saboda haka sai ta tauna su, ta kai cikin suri, ta gina waɗansu ɗakuna masu kama da saƙar zuma da su, ta shuka wani irin fumfuna a kai. Fumfunar nan ita ke ruɓar da iccen ta mai da shi abincin da gara za ta iya ci, gara kuma ita ke share mata ɗaki, ta tsare mata danshi da ɗumi rani da damina. Cuɗe ni in cuɗe ka ke nan. Idan ruwan sama ya jiƙa ƙasa sosai, sai fumfunar ta miƙo wutsiya daga can cikin ɗakin, ta huda ƙasa da tsinin nan na kanta, ta buɗe laima a sarari domin ta watsa irinta cikin iska. Wani masani Bafaranshe mai suna Roger Heim shi ya sa wa wannan dangi suna Termitomyces cikin shekarar 1942. A ƙasar Zambiya akwai wani ɗan'uwansa wanda faɗin laimarsa yakan kusa mita guda, guda ɗaya ya ishi gida miya. Har yau kuwa, duk da ci gaban kimiyya, mutum bai iya noma wannan iri don sayarwa ba, gara kaɗai ta san asirinsa.

Malamin ya ƙara da cewa naman kaza ba ya cikin jinsin ganyaye. Danginsa su ne yisti da ake kumbura burodi da shi, da fumfunar da ke fitowa a kwantan tuwo, da burtuntunar da ke ɓata kan dawa, har ma da ƙwayoyin da ke kawo makero da kyasfi a fata. Daga cikin wannan dangi ne Alexander Fleming ya gano fenisilin a Ingila cikin shekarar 1928, maganin da ya ceci rayuka masu yawan gaske. Dangi ne mai faɗi, akwai na kirki, akwai mugu.

Sai na tuna cewa daga surin nan dai shinge ke fitowa farkon damina, yara su tara a soya a ci da gishiri. Muna cin fara da yaji, muna cin zogale da rama da tafasa da yaɗiya. Yarbawa suna cin naman kaza suna kiransa olu, Ibo suna kiransa ero, Larabawa da Buzaye kuma suna tono wani ɗan'uwansa a cikin rairayin hamada bayan an yi ruwa. Ashe ƙyamar da muke yi masa sabo ne kawai, da kuma tsoro, tsoron kuwa yana da dalilinsa kamar yadda za mu gani nan gaba.

AMFANINSA GA JIKI

To, me ke cikinsa? Ɗanyen naman kaza wajen kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Irin farin nan da ake nomawa a Turai, wanda aka fi aunawa, giram 100 nasa yana ɗauke da wajen giram 3 na furotin, watau sinadarin gina jiki, ƙarfin kuzarinsa kuwa bai wuce kalori 22 ba, kitse kusan babu. Idan aka shanya shi ya bushe, furotin ɗin yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Kada mai karatu ya ɗauka ya maye gurbin nama ko wake, bai kai nan ba. Amma ga gidan da sai a yi sati biyu tukunya ba ta ga tsoka ba, ƙari ne mai amfani ƙwarai.

Yana da bitamin na rukunin B, musamman B2 da B3 da B5, waɗanda ke taimakon jiki ya juya abinci ya zama ƙarfi. Yana da sinadarin fotashiyam, gishirinsa kuwa kaɗan ne, shi ya sa ya dace da masu hawan jini, muddin ba a cika masa gishiri da dunƙule a tukunya ba. Ba ya ɗaga sukarin jini, saboda haka masu ciwon sukari da masu son rage ƙiba suna iya cika ciki da shi. Yana da wani irin dusa mai taimakon hanji, da sinadarin seleniyam da na jan ƙarfe waɗanda jiki ke bukata kaɗan-kaɗan.

Akwai wani abin al'ajabi kuma. Kamar yadda fatar mutum ke yin bitamin D idan rana ta taɓa ta, haka naman kaza yake yi. Idan aka yayyanka shi aka baza a faifai cikin hantsi, wani sinadari da ke jikinsa sai ya juye ya zama bitamin D, mai taimakon ƙashi ya riƙe ƙarfinsa. Wannan labari ne mai daɗi ga tsofaffi da matan da ba su cika fita rana ba. Har ila yau, cikin shekarar 2019 masu bincike na Jami'ar Ƙasar Singafo sun duba tsofaffi sama da 600, suka ga waɗanda ke cin naman kaza fiye da sau biyu a mako ba su cika samun raunin tunani irin na tsufa ba kamar waɗanda ba su damu da shi ba. Su da kansu sun ce alama ce suka gani, tabbatar da dalili sai an ƙara bincike. Saboda haka duk wanda ya zo maka da garin naman kaza a kwalba ya ce yana warkar da daji ko ciwon sukari, riƙe kuɗinka, ka tafi asibiti.

BATUN FATA

A kasuwar Azare na bi ta layin masu sayar da man shafawa, na ga 'yan mata sun yi cincirindo, kowace tana neman abin da zai gyara mata fata. A jikin kwalayen sabulai da yawa an rubuta kalmar Kojic. Wannan sinadari wani Bajafane ne ya fara gano shi cikin shekarar 1907, daga fumfunar da suke tsima shinkafa da waken suya da ita, aikinsa kuwa shi ne rage baƙin da fata ke yi. Ga shi 'yarmu tana ba da kuɗinta ta sayi abin da aka tatso daga fumfuna ta shafa, alhali kuwa in ka sa mata ɗan'uwansa a miya sai ta yi amai. Mafi muni ma, waɗansu mayukan bilicin ɗin ana cakuɗa su da zaiba da waɗansu magunguna masu ƙarfi, su sa fata ta yi laushi kamar takarda, ta ƙone a kumatu, ciwo ya ƙi warkewa, wani lokaci har su taɓa ƙoda.

Gaskiyar magana ita ce lafiyar fata daga ciki take farawa. Wanda ya rasa bitamin B2 za ka ga gefen bakinsa yana tsagewa, leɓɓansa suna bushewa. Wanda ya rasa bitamin B3 yakan kamu da wata cuta da likitoci ke kira felagira, inda fatar wuya da bayan hannu da duk inda rana ke bugu za ta yi baƙi ta yi kaushi tana saɓulewa, ga zawo, ga ruɗewar hankali. Cutar nan ta fi kama waɗanda abincinsu masara ce safe da dare ba mahaɗi. Ta kashe dubban talakawa a kudancin Amurka farkon ƙarni na 20, har wani likita mai suna Joseph Goldberger, wanda ya soma bincikenta cikin shekarar 1914, ya nuna cewa daga ƙarancin abinci take. Yanzu da masara ke ƙara kore gero daga tukwanenmu, ya kamata mu san abin da ke tsare mu daga wannan. Gyaɗa da kifi da nama suna tsarewa, naman kaza ma yana cikinsu. Bugu da ƙari yana da waɗansu sinadarai masu taimakon ƙwayoyin jiki su jure wa lalacewar da rana da hayaƙi da tsufa ke jawowa. Iyakar abin da za a ce ke nan: yana taimakon fata ta zauna lafiya a kan launin da Allah ya yi ta. Ba ya mai da baƙi fari, babu kuwa wani dalilin da zai sa a nemi haka.

ZUWA TSOHON BIRNI

Kwana uku na yi a Azare, sa'an nan na kama hanyar arewa. Na bi ta Gadau, inda Jami'ar Jihar Bauchi take, wadda yanzu ake kira da sunan Malam Sa'adu Zungur. Mutane da yawa ba su san cewa tun zamanin Turawa, cikin shekarun 1930, a nan Gadau ne masu binciken ƙudan tsando da ciwon barci suka yi sansaninsu ba. Daga nan ƙasa ta soma sauyawa, jigawa ta yi yawa, goruba da giginya suka soma bayyana, ga fadamu cike da shinkafa, ga Fulani da shanunsu a kan tudu suna gudun ruwa. Tsakanin Azare da Katagum wajen kilomita 70 ne.

Katagum tana gefen kogi ta arewa, yau ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zaki. Malam Ibrahim Zaki, ɗaya daga waɗanda suka karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, shi ya kafa ta bayan yaƙe-yaƙensa da Barno. Cikin watan Janairu na shekarar 1824, zamanin Sarki Ɗan Kauwa, Turawa biyu suka iso nan daga Kukawa, watau Kyaftin Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney. Sun tarar da birni mai ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, ana ciniki da wuri. Shi Oudney, ban da likitanci, mutum ne mai tara tsire-tsire, duk inda ya bi yana tsinka yana adanawa, har daga baya aka sa wa wani tsiron hamada sunansa. Ciwon ƙirji ya ci ƙarfinsa, ya rasu a Murmur ran 12 ga watan, aka binne shi a can, Clapperton ya wuce Kano da Sakkwato shi kaɗai. Ina tsaye a bakin kogi sai na yi tunani, shekara 200 da suka wuce wani ya taso daga ƙarshen duniya ya ba da ransa wajen sanin abin da ke tsirowa a ƙasarmu, mu kuwa masu ƙasar mene ne muka rubuta game da abin da ke gindin surinmu?

A ƙofar wani gida na tarar da wani dattijo yana gyaran koma. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, a nan kuna cin naman kaza kuwa?"

Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Yaro, ina ka samo wannan tsohon zance? Da muna yara muna kiwo, in mun same shi a suri mukan tsire shi a tsinke mu gasa, mu barbaɗa gishiri. Iyayenmu mata kuma sukan sa a miya in rumbu ya yi ƙasa. Ka san shi ba ya fitowa sai tsakiyar damina, daidai lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Amma waɗanda suka san na ci da na bari duk sun kwanta dama. Ni kaina yanzu idona bai isa in rantse a kai ba. 'Ya'yana ba su tambaye ni ba, ni ma ban koya musu ba."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce ya taɓa ganin gida guda, mutum biyar, sun kwana suna amai da gudawa saboda wata amarya ta tsinko wani fari mai kyan gani a makiyaya. Allah ya yi da sauran kwanansu. Tun daga ranar ba wanda ya sake kusantar abin a unguwarsu.

INDA HAƊARIN YAKE

Maganar dattijon nan ita ce ta kawo mu ga abin da ya fi kome muhimmanci. Ina roƙon mai karatu, don Allah kada ya ajiye jaridar nan ya ɗauki kwando ya shiga daji. Cikin wannan dangi akwai masu kisa, kuma sau da yawa sun fi na ci kyan gani.

Akwai wani fari babba mai fitowa cikin ciyawa a filaye da makiyaya a ƙasashe masu zafi, samansa da ɗigo-ɗigo kamar ɓawo, in ya tsufa ƙarƙashin laimarsa sai ya koma kore-kore. Wanda ya ci shi, cikin sa'a ɗaya zuwa uku zai kama amai da zawo mai tsanani, abin da kan iya halaka ƙaramin yaro ko tsoho saboda ƙarewar ruwan jiki. Akwai kuma waɗanda suka fi wannan sharri, dangin da masana ke kira Amanita, waɗanda suka fi kowane iri kashe mutane a duniya. Makircinsu shi ne mutum zai ci ya tashi lafiya, sai bayan sa'a 6 zuwa 24 ciki ya murɗa. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, a ce ai ya warke, alhali kuwa gubar tana can tana cin hanta. Kafin a farga ido ya yi rawaya. Cikin shekarar 2023 mutum uku suka mutu a Ostareliya bayan cin abinci guda da aka sa irin wannan a ciki, duk da ingancin asibitocin ƙasar.

Waɗansu sukan ce in akuya ko tsutsa ta ci to mutum ma zai iya ci, ko kuma in an tafasa an zubar da ruwa guba ta tafi, ko a jefa cokalin azurfa a gani ko zai yi baƙi. Duk waɗannan zancen banza ne, gubar Amanita ba ta jin wuta. Ko fitowa kusa da suri ba shaida ba ce, domin mugun iri ma yana iya tsirowa a wurin. Doka ɗaya ce, ita ce ta matar nan ta Binuwai: abin da masani na haƙiƙa bai nuna maka da hannunsa ba, bar shi. Na ci ɗin ma a wanke shi, a dafa shi ya nuna sosai, kada a ci ɗanye ko wanda ya soma ruɓewa, wanda bai taɓa ci ba kuma ya fara da kaɗan. In kuwa tsautsayi ya auku, a garzaya asibiti nan da nan, a tafi da ragowar abin da aka ci, kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko ba da manja, kada kuma a yarda da sauƙin da ke zuwa rana ta biyu.

ABIN DA ZA A IYA YI

Hanyar da ta fi aminci ita ce noma. Yawancin naman kazan da duniya ke ci yau a ɗaki ake noma shi, ƙasar Sin ce kan gaba nesa ba kusa ba. A nan Nijeriya ma cibiyar binciken masana'antu ta Gwamnatin Tarayya da ke Oshodi a Legas ta daɗe tana koyar da nomansa. Ba ya bukatar gona ko takin zamani. Karan shinkafa, ko dussar katako, ko totuwar masara ake jiƙawa, a turara su a cikin duro domin a kashe waɗansu ƙwayoyi, a cusa a leda tare da irin da aka sayo daga inda aka amince, a jera a ɗaki mai inuwa da danshi. Cikin mako huɗu zuwa shida an soma girbi. Gaskiya ne zafin bazara na ƙasar Katagum da bushewar iskar hunturu za su ba mai wannan sana'a wahala, amma ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa yana riƙe sanyi, akwai kuma irin da ake nomawa a Indiya da kudu maso gabashin Asiya waɗanda suka fi son zafin da ya kai digiri 30 zuwa 35. Sana'a ce da mace za ta yi a cikin gidanta, abin da ba a sayar ba kuma a shanya a ajiye kamar kuɓewa.

Duk fadamun da na ratsa daga Jama'are zuwa Katagum, in kaka ta yi za a tara karan shinkafa tsibi-tsibi, dabbobi su ci wani, a cinna wa saura wuta. A gefe guda kuma ga yaran da ake kai wa asibiti saboda tamowa. Hausawa sun ce rashin sani kaza ta kwana a kan dami.

Saboda haka ina kira ga jami'o'in nan biyu na Azare da Gadau, da kwalejin ilmi, da malaman gona na ƙananan hukumomi, su tura ɗalibansu ƙauyuka da damina su zauna da tsofaffin da suka rage, makiyaya da mafarauta da tsofaffin mata, su tattara kowane iri da sunansa na Hausa da Fulatanci da Barbarci, a auna shi a ɗakin bincike, a buga ɗan littafi mai hotuna wanda zai raba na ci da na kisa. Sa'an nan a gwada nomansa a ga irin da ya karɓi ƙasar. Dattijon da na tarar yana gyaran koma ya haura shekara tamanin, in aka yi jinkiri ba za a tarar da wanda za a tambaya ba.

Da na komo Azare zan hau mota, abokina ya rako ni tasha. Har na zauna sai ya leƙo ta taga ya rage murya ya ce, "Ka san jiya matar nan ta sake aiko da miya. Na ɗan taɓa."

Na ce, "To, yaya?"

Ya ce, "Kada dai ka gaya wa uwargida, na sa an tambayo mata yadda ake dafawa."

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga abin ƙi, amin.